Gaisuwar da Ta Tare Ƙofa

Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa wuce daƙiƙa huɗu wajen gaida masu sauraro ba. Haka aka horar da mu: sallama, sunan tasha, sai kanun labarai. Sau ɗaya tak aka ba ni wuƙa da nama, aka ce in yi gaisuwa yadda raina yake so. Na yi ta minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da biyu, kuma saura ƙiris ta raba kawuna da gonarsa.

Wanda ya ba ni wuƙar taubashina ne, ɗan kawun nan nawa. Yana da shago a Gummi, kusa da tashar mota, inda ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Ya je Sakkwato ya yi 'yan watanni ya koyo gina shafin intanet, ya dawo hannunsa na ƙaiƙayi. Sai ga ƙungiyar manoman rani ta yankinmu, wadda ke da mutane daga Gummi da Bukkuyum har zuwa Anka, ta yanke cewa daga wannan shekara a intanet za a riƙa sabunta rajistar filayen da take rabawa a fadama. Dokarsu tsohuwa ce kuma kowa ya san ta: wanda bai sabunta ba kafin a rufe, filinsa ya koma hannun na gaba a layi. Aka ba taubashina aikin shafin.

Da na zo gida hutu ya zaunar da ni a shagon ya buɗe mini. Gaskiya ya yi aiki. Shinkafa na rausaya a hagu, gulbi na gudana a dama, kifi na tsalle yana komawa ruwa, sunan ƙungiya na juyawa kamar waina a tanda. Akwai agogo, akwai wata tauraruwa da ke bin hannunka duk inda ka kai shi. Fom ɗin rajistar yana can cikin hoton wani rumbu, sai ka danna ƙofar rumbun ta buɗe a hankali kafin ka gan shi.

"Abu guda ya rage," in ji shi. "Murya. Tunda Allah ya ba mu rediyo cikin dangi, ko da dai da Kananci take magana, sai mu yi haƙuri."

"Kai da Hausarka ko akuya ba ta ganewa," na ce. "Me zan faɗa?"

"Barka da zuwa. Shi ke nan."

A nan na yi kuskuren da nake ba da labari. Na ce masa ba haka ake yi ba. Dattijo ba zai shigo gidanka ka tare shi da tambayar sunansa da lambar filinsa ba. Sai an gaisa. Na koma tasha, na jira situdiyo ya yi sarari bayan labaran rana, na ɗauki gaisuwa cikakkiya. Na yi sallama. Na tambayi kwana, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, yara da manya. Na tambayi aiki, na tambayi ruwa, na tambayi mutanen gari. Kuma da yake an koya mini cewa magana ba ta cika sai da mai amsawa, bayan kowace tambaya na bar shiru na daƙiƙa uku cif, ina kallon agogon bango, don mai sauraro ya samu wurin cewa lafiya lau.

Taubashina ya saurara ya ce ta yi tsawo, ya tambaya ko ya sa maɓallin da mutum zai danna ya tsayar da ita. Na ce kada ya soma. Wane marar tarbiyya ne zai katse gaisuwa? Ya ɗaga kafaɗa ya bar ta haka. Na faɗi wannan ne don a san rabon kowa a cikin laifin.

Ranar da aka buɗe rajista aka gano cewa shinkafar da gulbin da kifin ba sa motsi sai an sauko da wata ƙarin manhaja an ɗora a kwamfuta. Murya ma tana da tata daban. A ƙananan wayoyin da manoma ke riƙewa kuwa, ba abin da ke fitowa sai wani fili toka-toka da ɗan zane a tsakiya, kamar guntun ƙwarya. Wani mutumin Anka ya hau tudu bayan gari yana neman sabis, ya yi ta kallon guntun ƙwaryar har batirinsa ya mutu, a zatonsa tambarin ƙungiya ne.

Saboda haka kowa ya kamo hanyar Gummi. Bas ta sauke, 'yan acaba su sauke, a yi layi a shagon taubashina, domin kwamfutocinsa uku ne kaɗai aka tabbatar suna da duk abin da shafin ke nema. Daga hantsi zuwa la'asar muryata ke tashi a shagon daga wurare uku, wannan tana tambayar gajiya, waccan ta kai kan iyali. Kuma mutane suna amsawa. Na ga wannan da idona. Wani dattijo makiyayi daga wajen Bukkuyum, wanda ke da ɗan filin albasa, ya cire takalmi kafin ya zauna gaban kwamfutar, ya amsa kowace tambaya a cikin daƙiƙa ukun da na bari, bai wuce ba. Da aka gama ya juyo ya ce wa taubashina yarinyar tana da ladabi, sai dai ba ta tambayi shanu ba.

Na koma bakin aiki ina jin kaina a sama. Ban sake waiwayar maganar ba sai da Inna ta kira ni ranar wata Litinin ta ce in zo, ƙanenta ya ƙi cin abinci sosai, kuma sunana yake ambata.

Kawu malamin gona ne da ya yi ritaya. Ciwon ido ya ci ganinsa a hankali, har ya tafi gaba ɗaya wajen shekara goma kafin wannan labari. Bai bar noma ba. Filinsa na fadama yana bakin gulbi, ya san shi da tafin ƙafa, yana iya gaya maka kunyar da ruwa bai kai ba daga yadda ƙasa ke amsa sandarsa. Ya je wata cibiya ya koyo amfani da kwamfuta mai karanta wa mutum abin da ke kan allo. Muryar wani Bature ce a ciki, mai sauri kamar ana binsa bashin numfashi, ni ba na kama ko rabin abin da yake faɗa, amma Kawu yana ji tsaf. Da ita yake karanta wasiƙu da farashin taki.

Akwai dalilin da ya sa ya koya. A farkon makantarsa wani ma'aikaci ya cike masa wani fom don taimako, ya sa ya dangwala hannu. Daga baya aka karanta masa. A gurbin sana'a, mutumin ya rubuta "makaho". Kawu bai yi faɗa ba. Ya dai yi rantsuwa cewa daga ranar ba mai sake cike masa fom, ko ɗan cikinsa ne. Kowa a gidan ya san wannan rantsuwa, kuma Alhamis bayan la'asar za a rufe rajista a aika da sunaye.

Na iso Talata da hantsi, na tarar da shi a zaure kan tabarma, kwamfuta a cinya, an ɗaure modem da zare a ƙusar taga inda sabis ya fi ƙarfi.

"Ɗiyata, kin iso? Zamna ki ji aikinki."

Ashe tun Asabar yake fama. Kwana biyu ya yi yana sauko da ƙarin manhajar farko, tana kaiwa kusan ƙarshe sabis ya yanke ta koma farko. Da ta sauka, shafin ya ce wadda ya sauko ta tsufa, akwai sabuwa. Ya sauko da sabuwar. Sai ta muryar. A safiyar da na zo ne komai ya kammala.

Ya danna. Na ji kaina na yi sallama, da muryar nan tawa ta aiki, kowane harafi a wurinsa. A ƙarƙashina kuma na ji Baturen yana ta magana, kamar mutumin da aka rufe a rijiya. Lasifika ɗaya muke amfani da ita ni da shi, kuma ni aka ɗauka a situdiyo. Kawu ya rage sauti, muryata da ta Baturen suka ɓace tare. Ya ƙara, na sake danne shi. A cikin shirun daƙiƙa uku ne kawai Baturen ke samun leƙowa, kalma biyu ko uku, sai in dawo da tambayar yara.

Kawu ya jira na gama. Sai Baturen ya samu fili, ya karanta duk abin da yake gani a shafin. Ba yawa. Da Turanci yake faɗa, amma ma'anarsa ita ce: maɓalli, maɓalli, hoto, maɓalli. Ba suna, ba bayani. Shinkafar da rumbun da fom ɗin da ke cikinsa duk zane ne guda a wurinsa, ba rubutun da zai kama.

"To, ka ji," in ji Kawu, kamar da Baturen yake. "Ƙohwa huɗu, ba wadda anka rubuta ma suna. Bari mu gwada wagga."

Ya danna ɗaya. Shafin ya sake buɗewa daga farko. Na yi sallama.

Na ƙirga, domin ƙirga lokaci ya zame mini jiki. Kafin azahar na gaida kawuna sau goma sha ɗaya. A na farko da na biyu ya amsa, don shi ma ba ya iya jin sallama ya yi shiru. A na bakwai ya daina. A na goma sha ɗaya, da muryar ta tambayi gajiya, ya juyo da fuskarsa daidai inda nake zaune.

"Ɗiyata, na ce miki lahiya lau. Tun da sahe nika ce miki lahiya lau. Ki matsa in wuce."

Inna da ke tsaye a bakin ƙofar cikin gida ta fashe da dariya har da riƙe bango. Ni ban yi dariya ba. Sana'ata gaba ɗaya ita ce yi wa wanda ba ya ganina magana. Ranar farko a tasha aka gaya mana cewa mai sauraro ba shi da ido, duk abin da ba ka faɗa ba bai wanzu ba, kuma kada murya biyu su hau juna. Ni da na san wannan kamar sunana, ni ce na tsaya a ƙofa ina tambayar lafiyar mutum na hana shi shiga.

Da la'asar taubashina ya zo, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya ce, "Baba, minti biyu za ya ɗauke ni in cika maka shi. Ni na fa, ba baƙo ba."

"Na san kai na."

"To ka faɗa, ni in rubuta, in karanta maka."

"Shi ma wancan cewa yay yi za ya karanta min."

Na kawo tawa dabarar. Na ce ya riƙe linzamin kwamfutar da hannunsa, ni in zama ido. Ya yarda don kada ya kunyata ni. Na ce dama kaɗan. Sama. Ya wuce, ya dawo. Tauraruwar nan tana ta bin hannunsa tana walƙiya. Da muka kusa ƙofar rumbun sai kifi ya yi tsalle ya ɗauke mini hankali, muka danna gefe, na sake yin sallama. Kawu ya saki linzamin.

"Wanga jan sanda na," ya ce. "Ni ko hwadama ba a ja min sanda. In ba ni iya rubuta sunana da hannuna, su ba wani hilin. Allah shi amfana mai."

Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba, ya rufe kwamfutar, ya nemi buta. Na san shi. Da gaske yake.

Laraba da safe na riga taubashina zuwa shagonsa. Na ce ya cire gaisuwar. Ya ce sai yau na san da haka? Na ce laifina ne, na karɓa, saura nasa. Ya ce nasa me? Shugabannin ƙungiya sun ga kifin sun yi kabbara. Na ce shugabannin a kwamfutarsa suka gani. Ya ce wata uku ya yi yana sa gulbin nan gudana. Na ce gulbi na gaske yana bayan gari, kyauta, kuma babansa zai rasa filinsa na bakin gulbin gobe.

Ya juya ya kalli allo. Sannan ya ce, "To mi za a sa? In an cire wannan duka, mi ya rage?"

Ban sani ba, shi ma bai sani ba, sai muka ɗauki kwamfuta muka koma zaure muka tambayi wanda ya yi shekara talatin yana cika wa manoma takarda. Kawu ya gyara zama. Ya ce suna. Gari. Lambar fili. Abin da za a shuka. Babbar sana'a. Lambar waya. Kowane gurbi a rubuta masa sunansa da rubutu na gaske, a jera su sama da ƙasa yadda mutum zai bi ɗaya bayan ɗaya da maɓallan rubutu. A ƙarshe maɓalli guda, a rubuta "aika" a kansa.

Bai kai awa biyu ba taubashina ya gama. Farar takarda ce da baƙin rubutu. Ya kalle ta kamar an aske masa rabin kai.

"Wannan ba shafi ba ne," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Katin asibiti ne."

Ya ba da shawarar a bar nasa a gaba yadda yake, a ɓoye wannan a wani lungu, a ba Baba adireshin shi kaɗai. Kunnen Kawu ya fi na kowa a gidan.

"Ƙohwar baya ke nan?"

"A'a, Baba, ta musamman ce."

"Ta baya ta. Ni mamban ƙungiya na tun kana tahiya ba wando. Inda kowa ka shiga, nan nika shiga."

Aka ja, aka ja, har aka kira shugaban ƙungiya a waya. Shi kuwa ashe mutanen Anka sun ishe shi da ƙorafin kuɗin mota, ya ce a yi duk abin da zai buɗe a waya. A ƙarshe farar takardar ta koma gaba. A can ƙasanta taubashina ya sa layi guda: "Mai son gaisuwa da kallon gulbi ya danna nan." Ya ce ko mutum ɗaya ne ya danna, bai yi aikin banza ba.

Alhamis da hantsi Kawu ya yi wanka ya sa babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna a zaure. Shafin ya buɗe kafin in gama gyara mayafina. Baturen ya karanta gurbin farko, shi kaɗai, ba mai katse shi. Kawu ya rubuta sunansa, ya wuce gari, ya wuce lambar fili. Yana ta tafiya har ya kai ƙarshe, sai Baturen ya ce hoto, ya yi shiru.

Taubashina ya dafe goshi. Ya bar abu guda daga tsohon shafin: waɗansu karkatattun haruffa a cikin hoto, waɗanda sai ka kwafa kafin a yarda kai mutum ne, ba wata na'ura mai cika fom na ƙarya ba.

"Wato sai mai ido a mutum," in ji Kawu.

"Ba haka ba ne, Baba. Dole dai a tambayi abin da na'ura ba ta sani ba."

"To tambaye ta, tsakanin shinkahwa da gero wanne aka dasawa hwadama. In ta sani, a ba ta hili."

Gyaran bai da wuya, amma sai da taubashina ya koma shago, kuma wuta ta ɗauke, janareta kuma ya zaɓi ranar ya ƙi tashi. Aka kira bakanike. Muka yi azahar muna jira. Kawu bai tuɓe rigar ba, sai dai ya riƙa taɓa agogon hannunsa mai magana. Ƙarfe uku saura minti goma waya ta yi ƙara, taubashina ya ce a sake buɗewa.

Duk abin da aka rubuta da safe ya goge. Kawu ya soma daga farko, a natse. Na zauna nesa kaɗan, na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su kai taimako. Da ya zo gurbin babbar sana'a ya dakata. Ya danna haruffan ɗaya-ɗaya, Baturen na maimaitawa, sannan ya sa shi ya karanta kalmar gaba ɗaya. Baturen ya murɗe ta ta koma kamar sunan wani magani, amma "manomi" ce. Kawu ya sa ya sake faɗa. Ya amsa tambayar shinkafa, ya danna aika. Shafin ya ce an karɓa, ya ba da lamba, ya sa aka karanta masa ita sau biyu ya haddace.

Na ɗauka zai rufe kwamfutar. Sai na ji yana gangarawa ƙasan shafin, har Baturen ya karanta layin nan na ƙarshe. Ya danna. Aka ɗan jira, sai na ji muryata ta yi sallama.

Ya amsa. Na tambayi kwana, ya ce lahiya lau. Na tambayi gajiya, ya ce ba gajiya. Ya bi ni tambaya bayan tambaya, yana cika daƙiƙa ukun nan daidai, har muka kai kan aiki.

"Aiki da godiya," ya ce. "Jibi za mu zuba iri."

Ya jira na gama tsaf, har addu'ar ƙarshe, ya ce amin. Sannan ya kira Inna ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya.